Turaren da Ke Cikin Esi

Inna mai ɗinki ba ta taɓa koyon tuƙi ba, amma duk unguwar babu motar da ake kula da esinta, wato na'urar sanyaya iska, kamar tata. Ta marigayi mijinta ce, direban haya. Yakan ce mata, "Esi ba ya son zama. In ba a kunna shi, robobin ciki su bushe, gas ya tsiyaye."

Da ya rasu, ta hana a sayar da motar. Duk mako sai ta tashi daga kan keke, ta je rumfar da aka ajiye ta, ta tayar da injin, ta kunna esi, ta zagayo kujerar gefe inda ta saba zama. Jikoki na tsokanarta wai ta yi nisa a tafiya. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, marigayin ya yi shekaru yana ɗiga turarensa a ramukan iskar, har ƙamshin ya kama. Sanyin na busowa, sai ka ce yanzu ya fita.

Rannan babban ɗanta ya zo ganin gida, ya kai motar wurin mai gyara, ya dawo yana fara'a.

"Inna, an canza filta, an wanke bututun tas. Wani tsohon wari ne ya maƙale, yanzu babu shi."

Ta shiga, ta kunna, ta kai hanci. Sanyi kamar ƙanƙara, sanyi kawai.

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta, ta miƙa masa makullin. "Ka nemo mai saye."