Baƙin Ruwa Daga Gidan Maƙwabta

Har yau in na ji warin tawada, lokacin zafin da Kaka ta zo mana Glenwood, unguwarmu a ƙasar waje, daga Maraɗi nake tunawa. Ina 'yar shekara tara. Zafin garin nan mai gumi ne, riga sai ta manne maka a baya, Kaka kuwa ƙuraje suka feso mata a wuya.

Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar ƙasar Sin, kullum tana baranda tana rubutu da buroshi. Wurinta nake wuni, don takan ba ni takarda in ɓata. Wata rana ta miƙo mini kwalba cike da baƙin ruwa, da takarda mai harafi ɗaya manne a jiki, ta ce in kai wa Kaka.

Kaka ta dubi ruwan, ta dubi harafin, ta ja baya. A wurinta magana a fili take: mace mai tawada, baƙin ruwa, ga hatimi. Rubutu aka wanke mata.

"Kin sha?"

Na ce na ɗan kurɓa a hanya. Ta yi salati.

"Ƙafarki ta ƙara taka gidan can, sai na karya ta."

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Washegari na laɓe a bayan shinge na tambayi tsohuwar. Ta jiƙa yatsa ta zana a jikin katako. Ɗigo ukun da ke hagu, ta ce, ruwa ne. Harafin kuwa sanyi yake nufi, ba na ƙanƙara ba, irin na inuwa da iskar bayan ruwan sama. A kan mafici ake rubuta shi, da kan shayin ganye irin wannan, don wanda zafi ya dama.

Na kai wa Kaka bayani da murnata. Ta taɓe baki.

"Wane boka ne zai ce miki nasa na cutarwa ne?"

Ta tuttule ruwan a gindin tumatirin Mama, ta sa mana ido kwana uku, ni da tumatir. Babu wanda ya bushe a cikinmu. Rana ta huɗu ta cika kwalbar da ruwan tsamiya.

"Rubuta mata abin nan nata. Ki tsaya ki ga ko za ta sha."

Na rubuta harafin na manna, na kai. Tsohuwar ta gyara mini ɗigo ɗaya da ya karkace, ta shanye tas. Ranar aka sake ni na koma baranda, amma Kaka har ta koma gida ba ta taɓa kurɓar na tsohuwar ba.

Yanzu 'yata waya take haskawa a kan kowane rubutu, fassara ta fito nan take. Ba ta zargin kowa. Shekararmu shida a gidan da muke, ba ta san fuskar maƙwabcinmu ba.