Ranar da Zazzaɓin Hambali Ya Sauka

Shekara talatin Hambali yana noman rani a bakin magudanar ruwa ta Bunkure. Wata Talata, ranar da layin ban ruwa ya zo kansa, fasasshiyar kwalba ta yanke shi a tafin ƙafa. Ya ɗaure da tsumma ya koma cikin taɓo, domin wanda ranarsa ta wuce sai wani mako, ga shinkafa ta fara ciki.

Kwana uku ƙafa ta haye, zazzaɓi ya rufe shi har yana sambatu. Matarsa Barira ta kai shi asibiti, aka ce cuta ta shiga jini. Aka ɗaura ruwa, aka yi ta allurai.

A rana ta shida zafin ya sauka. Ƙannensa suka yi hamdala, suka fara naɗe tabarmi, wai a nemi sallama. Barira ta taɓa wuyansa. Mutumin da ko lafiyarsa lau jikinsa kamar murhu, yau sanyi ƙalau, numfashi sama-sama. Ta kira nas Joanna.

"Mama, gara da kika yi magana," in ji Joanna bayan likita ya duba shi. "Kin san yadda manoma ke kiran juna a buɗe ruwa? Haka ƙwayoyin da ke tsaron jiki suke aika wa juna saƙo ta cikin jini. Da fari kira ya yi yawa, aka buɗe kowace ƙofa lokaci guda, ruwa ya ci gona. Yanzu sun gaji, sun yi shiru. Ko zazzaɓin ma jikin ya kasa yi. Wata cutar ta shiga huhu, ba mai tare ta. Kada a bar mutane su shigo masa da wata, wanda zai taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu."

Barira ta ɗauki buta da sabulu ta zauna a bakin ƙofa. Masu dubiya suka zo mota guda daga ƙauye, ta mai da su.

"Yaya Barira, ɗan'uwanmu ne fa."

"Na sani. Ku yi masa addu'a daga nan, tana isa."

Aka ce ta cika baƙin hali. Ta gyara zama a bakin ƙofar.

Kwana goma sha tara tana nan. An cire masa yatsun ƙafa biyu, ya rame sai idanu. Ran nan da hantsi ta ba shi kunu, ya kurɓa, ya ɓata fuska.

"Wannan ba tsamiya."

"Sha haka nan, Malam."

Ta riƙe masa ludayin har ya shanye.