Ranar da Tamae Ta Kawo Ƙaninta Makaranta

Kusunoki Tamae mai kantin magani ce kusa da tashar jirgin ƙasa ta garinmu, kuma ita ke zuwa makarantarmu duk shekara ta faɗakar da ɗalibai kan miyagun ƙwayoyi. Ni ce mai kula da ɗakin jinya, ni ke jera mata kujeru. Fim ɗaya ake nunawa kullum: haƙora sun zube, idanu sun faɗa, a rufe da cewa wanda ya taɓa sau ɗaya ya fita daga sahun mutane. Yara su tafa, su koma aji.

Abin da ba a faɗa shi ne Tamae na da ƙane, Noboru, wanda ƙwaya ta kai gidan yari. Ya fito, ya daina, yana aiki a kamfanin sarrafa kifi. Iyayensu har suka rasu ba su ambaci sunansa a gaban baƙi ba.

Sai wata ɗalibarmu ta ajin ƙarshe, Chisato, ta riƙa zuwa kantin Tamae sayen maganin tari, alhali ba ta tari. Wata rana Tamae ta riƙe kwalin.

"'Yata, wannan tarin ba ya jin magani ne?"

"Na kakata ne."

"Jiya kakarki ta zo nan, garau take, har da tsegumin maƙwabta."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Me zan faɗa miki, Malama? Ai ke kika nuna mana fim ɗin. Na riga na san abin da nake."

Maganar ta soki Tamae. Washegari ta sami shugaban makaranta, Malam Umezu, ta ce tana so Noboru ya yi wa yara magana da bakinsa.

"Malama, mu ba mu da wannan matsalar. Ta Tokyo ce."

"Ranka ya daɗe, ni fa ke sayar da maganin."

"Tsohon fursuna a gaban yara? Iyaye ɗanye za su cinye ni!"

Sai ta bi iyayen gida-gida, tana rusunawa a bakin ƙofa, tana faɗin ko wane ne ƙaninta. Wasu suka daina sayen magani a wurinta. Noboru ma ya turje.

"Yaya, ki bar ni da kifina."

"Kifi ba zai gudu ba. Sa kwat ɗinka, ka aske wannan gemun."

Da lokacin kaka ya zo aka amince, amma 'yan ajin ƙarshe kawai. Noboru ya tsaya a gabansu, ya ba da labarinsa ba ado. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu.

"Har yanzu kana sha'awarta?"

"Kusan kullum. In ta taso, sai in kira wani in faɗa masa. Ɓoyewa ce ta kusa kashe ni."

Ba wanda ya tafa. Amma a cikin makon Chisato ta shigo ɗakina ta zauna, ta ce in kira mahaifiyarta. Muka haɗa ta da likita. Ta koma shan maganin tarin daga baya, ta sake zuwa ta faɗa da kanta, aka ci gaba.

Yanzu Tamae ta sa makarantar ƙetaren kogi a gaba. Shugabansu ya ƙi, ya sake ƙi. Ta ce Litinin za ta koma, kuma ni zan raka ta.