Ja a Hagu, In Ji Nha Firmina

Tun iska ba ta gama tashi ba a gaɓar gabas ta tsibirinmu na Sal, Nha Firmina Tavares take saukowa daga bayan akori-kurar da ke fitowa daga Santa Maria, da kwanon soyayyiyar kachupa, dafa-dukarmu ta masara da wake, ƙunshe a ɗankwali. Ba ta taɓa abincin sai ta gama zagayen farko. Takan ɗauko sandunan lema, wato sandunan tuƙa babbar lemar da iska ke ɗagawa ta ja mutum a kan ruwa, ɗaya bayan ɗaya, ta warware igiyoyi huɗu na kowace sanda a kan yashi, ta sa su tsakanin yatsunta, ta bi su taku-taku har ƙarshe tana laluben inda suka fara tsinkewa. Sannan ta ɗaga sandar ta duba ɓarin hagu. In jan da ke jikinsa ya koɗe da rana da gishiri, sandar nan ba za ta ga ruwa ba ranar, ko da wa ya zo da roƙo.

Duk wanda ya taɓa hawa katako lema na jansa a kan teku ya san dalili. Ka ja hagu lema ta yi hagu, ka ja dama ta yi dama. Amma sandar ba ta da kai ba ta da gindi. In raƙumin ruwa ya maka ka, ka taso da kumfa a ido ka cafke ta a juye, to komai ya birkice: ka ja hagu don ka tsere wa duwatsu, lema ta kwashe ka ta kai ka kansu. Abin da zai gaya maka gaskiya cikin ƙiftawar ido shi ne jan nan. Yana hagunka, kana da rai. Yana damanka, juya sanda.

Shekara ashirin da biyu ke nan Nha Firmina tana tsaron wannan ja. A ƙarshen iskar bana za ta ajiye aiki, don yatsunta sun fara ƙin lanƙwasa. A watan jiya ƙungiyar masu wasan ruwa ta yi bikin da ta saba yi duk shekara, aka raba kofuna, aka kira masu otal da masu tsalle sama, aka tafa musu har hannu ya yi zafi. Na zauna ina jiran sunanta har aka naɗe tabarma. Ba a kira ba. To ni Zuleica, da na shekara goma sha huɗu ina koyar da mutane a wannan gaɓa, zan kira shi a nan, wanda abin bai yi masa daɗi ba ya sha ruwan teku.

Da shara ta fara a makarantar koyon lema da ke ƙarshen gaɓa. Ɗiyar masunci ce, ta tashi da ɗinkin taru, don haka ba a daɗe ba tsintsiya ta bar hannunta allura ta shiga. Ba ta taɓa hawa katako ba. In an tsokane ta da haka takan ce, “Ungozoma sai ta shiga ciki kafin ta san yadda ɗa yake kwance?”

Shekara shida da suka wuce wani mutumin Praia babban birninmu, Senhor Valdemar, ya sayi makarantar. Ya zo da sababbin sanduna talatin, baƙaƙe wuluk daga wannan baki zuwa wancan, da tambarinsa ruwan zinariya a tsakiya. Ya ce haka suka fi kyau a hoto. Akwai wani ɗan ɗigon ja a ƙarshen hagu, wanda bai kai ƙwayar wake ba. Muna tsaye aka buɗe kwalayen. Nha Firmina ta ɗauki ɗaya ta juya ta sau biyu.

“Senhor, ina hagun wannan?”

“Ga shi nan, Nha Firmina, ki buɗe ido.”

“Ni da nake a tudu ido bushe sai na buɗe ido. Wanda ke cikin ruwa fa, me zai buɗe?”

“Ki yi ɗinkinki, ki bar mini tsarin makaranta.”

Ranar Litinin ce, ba iska, kowa ya watse. Ta zauna da ƙullin jan zaren taru, ta naɗe ɓarin hagun sandunan nan talatin tsaf, ta ɗaure kowanne da ƙullin masunta. Da Senhor Valdemar ya dawo da la'asar ya gani, ihunsa har masu gasa kifi a can gefe sun ji.

“Kin mayar mini da kaya kamar na 'yan koli! Ki warware su yanzu, ko ki ɗauki kwanonki!”

“Kwanona ba nauyi, Senhor,” in ji ta. “Warwarewa kuwa, ga wuƙa, hannunka ya yi. Nawa ba zai yi ba.”

Ta fita. Ba ta je gida ba. Ta ƙirga taku goma daga tutar da ke iyakar makarantar, ta kafa sanduna huɗu, ta ɗaura tsohuwar lema a kai, ta zauna tana fuskantar ƙofarsa. Shi kuwa ya sa aka yanke zaren kaf.

A nan dole in faɗi nawa laifin. Mu masu koyarwa shida ne, ba wanda ya bi ta. Ina da 'ya'ya biyu a makarantar boko, na sunkuyar da kai na ɗauki baƙar sanda. Duk safiya in na wuce ta gabanta sai ta ce, “Zuleica, 'yar nan, kin karya kuwa?” Ban taɓa iya haɗa ido da ita ba.

Rana ta huɗu ina tare da ɗalibata Dona Graciete, ma'aikaciyar jinya daga Espargos, mace mai shekara hamsin da ta ce ba za ta mutu ba ta gwada ba. Tana tsaye ruwa iya gwiwa sai guguwa ta fizgi lemar, matar ta faɗi, sanda ta suɓuce mata. Ta sake cafkar ta, amma a juye. Na ga lema ta karkata wajen duwatsun da ke bakin gaɓa, na ƙwala, “Hagu! Ja hagu!” Ta ja hagu, kamar yadda na ce. Lemar ta yi dama da ƙarfin doki, ta tumɓuke ta daga ruwa ta fara jan ta a kan yashi rub da ciki. Na bi da gudu, amma ta yi mini nisa.

Rumfar Nha Firmina ce a kan hanya. Mutum ya fi ashirin da ya gani da idonsa. Tsohuwar nan ta watsar da allura, ta tari gaban Dona Graciete, ta faɗa kanta gaba ɗaya. Lema ta ja su su biyu, ita kuwa tana laluben makullin sakin lema da ke ɗaure a ƙugun matar har ta tura shi. Lema ta saki jiki ta faɗi kamar wanki. Tsakaninsu da dutsen farko bai fi tsawon mutum biyu ba. Kafaɗar Dona Graciete ta goce. Nha Firmina kuwa fatar gwiwoyinta ta tafi, ta rasa haƙori ɗaya na gaba, har yau ba ta sa wani ba.

Washegari mu shida muka kwashi sandunan nan a kafaɗa, muka wuce ta gaban Senhor Valdemar, muka zube su a rumfarta don ta sake naɗe musu jan zare. Ya ce duk wanda ya ƙetare tutar nan kada ya dawo. Osvaldo, wanda ya fi mu daɗewa, ya ce, “To Senhor, sai ka shiga ruwa ka koyar da su da kanka, ga baƙi can goma sha biyu suna jira.” Bai kori kowa ba. Bai kuma ba ta haƙuri ba, har yau. Da ya aiko bayan wata biyu wai ta dawo bakin aikinta, sai ta ce a gaya masa inuwar nan ta fi iska. Tun daga ranar kowace makaranta a gaɓar nan rumfarta take kai kaya, har da tasa.

Akwai kuma Djunga, ƙaton masunci mai 'ya'ya uku, da ya so ya zama mai koyarwa amma kullum yana riƙe sanda a juye, ana yi masa dariya ana ce masa mai hagu biyu. Ita ce ta lura. Ta ajiye masa zare ja da kore a tafin hannu ta ce ya nuna ja, ya kasa. Ashe idonsa ba ya rarrabewa, kunya ta hana shi faɗa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi wa hagun sandarsa ƙulle-ƙulle masu kaushi, ta ce, “Ido ya ƙi, hannu ya gani.” Djunga yanzu shekararsa huɗu yana koyarwa, shi da bakinsa ya ce in saka wannan.

Nha Firmina, ke ce murucin kan dutse, ba ki fito ba sai da kika shirya. Ke kika ce a'a ranar da mu masu ƙarfi da takardun shaida muka yi gum. Ba ki taɓa goranta mini kwana ukun nan ba, kuma na fi jin ciwon hakan da a ce kin zage ni. Waɗanda kika tsare ba su san sun tsira ba. Sun taso daga ruwa, sun duba hannunsu, sun juya sanda, sun koma ƙasashensu suna ba da labarin daɗin iskar Sal. Ba su san sunanki ba. Mu mun sani.

Na gode, a madadin Dona Graciete da Djunga da ni kaina. Allah ya sassauta miki ciwon yatsun nan, ya ba ki hutu mai tsawo cikin jikokinki.

Ku kuma da ke riƙe da ƙaramin aiki a ko'ina, wanda ba a kiran sunansa a biki, wata rana mai gida zai ce ku sa hannu a abin da kuka san zai cuci wani. Ku tuna akwai matar da aka ce ta zaɓa tsakanin abincinta da ran baƙon da ba ta sani ba, ba ta ko nemi shawara ba. Rumfarta tana nan har ƙarshen watan Mayu. Wanda yake da abin faɗa mata ya je ya faɗa tana ji, kada ya jira sai an sauke ta.