Nonon Ƙarshe a Saman Binuwai

Ƙaramar 'yata tana da wata ashirin da biyu Inna ta kira ni daga Garwa, ta ce lokacin yaye ya yi. A gidanmu uwa ba ta yaye ɗanta da kanta, kaka ake kai wa. Haka aka yi min, haka na yi wa babbar 'yata. Muna zaune a Yawunde lokacin, sai maigidana ya ce jirgin ƙasa da mota da yara biyu wahala ce, ya yanko mana tikitin jirgin sama.

Inna ta zaɓi Juma'a, ta kuma ja min kunne cewa daga asubar ranar kada yarinyar ta sake kama nono, don wanda aka cire aka mayar sai ya yi wata yana rigima. Ni kuma da son a ce na iya, tun kafin mu fita na shafa maɗaci a nono. Ta kai baki sau ɗaya, ta kalle ni kamar na ci amanarta, ta juya min ƙeya. Ban taɓa shiga jirgi da goyo ba, kuma ba wanda ya gaya min abin da yake yi wa kunnen yaro.

Da muka tashi barci take yi. Babbar ta manne da taga tana ƙirga gajimare, har na fara yaba wa kaina. Sai da jirgi ya fara sauka ƙaramar ta farka, ta dafe kunnuwanta da hannu biyu, ta tsala ihu. Na ba ta kunu ta ture, na ba ta biskit ta jefar. Na miƙe zan goya ta, ma'aikaciyar jirgi ta nuna min kujera ta ce da Faransanci, "Madame, la ceinture," wato in zauna in ɗaura bel. Wani mai kwat a gabanmu ya waiwayo har sau uku. A na ukun na zuba masa ido sai da ya koma kan jaridarsa.

Kusa da ni akwai wata dattijuwa Bafillatana, wadda tun gaisuwa ba mu sake magana ba. Ta taɓa min hannu.

"'Yata, kunne ke mata ciwo. Ba ta nono, tana haɗiya zai buɗe."

"Hajiya, yau na yaye ta. Wajen kakarta zan kai ta."

"To kakar tana nan cikin jirgin?"

Sai ta jiƙa hankicinta da ruwan gora ta miƙo min, don ta ji warin maɗacin. Na ja mayafi na goge. Abin da ya fi taɓa min zuciya, yarinyar ba ta kama nan take ba. Ta tsaya tana dubana, hawaye shaɓe-shaɓe, tana tsoron ɗacin safe. Sai da na rarrashe ta kafin ta yarda. Haɗiya uku ta yi, jikinta ya saki. Ta taga ina hango kogin Binuwai ya ja da baya, ga yashi, ga masu wanki a bakinsa. Ban so jirgin ya taɓa ƙasa ba.

Muna shiga gida a unguwar Pumpumre, ko takalmi ba mu cire ba, babbar ta kai rahoto: "Inna, ta sha nono a jirgi!"

Na shirya kare kaina. Inna ta saurari labarin kunnen har ƙarshe, ta ce, "Da kin bar ta tana wannan kukan, da ni da ke ne." Ta karɓe ta, ta ɗora a baya, ta ɗaure zane, ta wuce madafa dama kunu. Daga ƙofa ta ce, "Ke kuma kada ki biyo mu."

Bayan kwana uku muka kamo hanyar Yawunde, ni da babbar kaɗai. Da jirgi ya fara sauka kunnena ya toshe. Can baya wani jariri ya fara kuka, sai na ji gaban rigata ya jiƙe. Na ja mayafi na rufe, na rungume jakata a cinya har muka sauka.