Hassumi da Sandar Zaituna

Kowace Asabar, tun masu sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, ba su gama kafa tukwanensu a unguwar Hayyul Ashir ta Alƙahira ba, Hassumi Nafi'u tana bakin titi da makullai a hannu tana jiran mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya. Kusa da ƙofa take zama saboda gwiwarta. Idan ta sauka, sai ta taka zuwa wani filin wasa a gefen Madinat Nasr, ta buɗe ɗakin ajiya, ta share, ta fito da hulunan kare kai da ƙwallaye. Sannan ta koma kan sanduna. Ɗaya bayan ɗaya take ɗaga su, ta shafa da tafin hannu tana neman tsaga, ta girgiza kusa da kunne ko za ta ji wani abu yana motsi a ciki. In lokacin sanyi ne, ba ta fitar da masu tsadar sai rana ta ɗaga, domin sanyi na fasa su.

Shekara goma sha uku ke nan tana wannan. Ba ita ce mai horarwa ba. Mai horarwa wani Bamisire ne, Kabtin Muhannad. A takarda, aikin Hassumi shara da ajiya ne kawai. Amma duk yarinyar da za ta riƙe sanda a filin nan, ta hannunta take bi.

Wasan shi ne softbol. Yarinya ɗaya ta wulwula hannu ta jefo ƙwallo ta ƙasa da gudu, ɗaya ta tare shi da sanda ta doka, ta ruga zuwa tasha ta farko kafin a cafke ƙwallon a riga ta. Sandar da ake yayi yanzu ita ce kambozit. Ba itace ba ce, ba ƙarfe ba. Zaren kabon ne aka nannaɗe aka liƙe, cikinta rami, kuma tana tura ƙwallo nesa idan ta dace da hannun mai riƙe ta. Idan ba ta dace ba, hannun take ci.

Mu Hausawan Alƙahira mun iya walimar kammala karatu, mun iya rigimar zaɓen ƙungiyar ɗalibai har a daina gaisawa. Amma a cikinmu wa ya taɓa tambayar inda 'ya'yanmu mata suke motsa jiki? Daga shaƙƙa, wato ɗan gidan hayar nan mai ɗaki biyu, zuwa makaranta, daga makaranta zuwa shaƙƙa. Wannan baiwar Allah 'yar Damagaram ce ta bi gida-gida tana roƙon iyaye, har ta samu 'yan mata biyar daga cikinmu suka shiga filin. Wadda ta fi su hannu ita ce Zaituna, 'yar shekara goma sha ɗaya, 'yar Malam Munzir da ke rubuta kundin digirinsa na uku.

A bana kulob ɗin ya sa ranar tantance 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu, Kabtin Muhannad ya ce ya kamata Zaituna ta samu sandar kanta. Hassumi ta auna ta yadda ta saba. Ta ɗora gindin sanda a tsakiyar ƙirjinta ta ce ta miƙa hannu gefe: in yatsu sun taɓa bakin sandar, tsawon ya yi. Ta ce ta ɗaga ta da hannu ɗaya a miƙe har a ƙirga talatin: in hannun bai yi rawa ba, nauyin ya yi. Ta rubuta a takarda, inci ashirin da tara, marar nauyi, mai hatimin da alƙalan wasa ke dubawa. Ta ninke ta ce, "Ki ba Abbanki hannu da hannu."

Asabar ta gaba Zaituna ta shigo tana tsalle.

"Anti, kin gani? Har shagunan unguwar Mohandessin Abba ya je!"

Hassumi ta karɓa, ta juya sandar, ta ga lambar. Talatin da uku. Ta ɗara abin da ta rubuta da inci huɗu.

"Ina takardar da na ba ki?"

"Na ba shi. Ya ce wancan tsawon kafin baɗi ya yi mini kaɗan. Ya ce zan girma a cikin wannan, in na gama ƙanwata Hawa ta gada."

Wa zai ce bai san wannan lissafin ba? Da shi aka raine mu duka. Rigar Sallah a ɗinka ta da fili a kalmashe ƙasan, takalmi a cusa masa auduga a gaba. Ba rowa ba ce, tattali ne, kuma Malam Munzir ya matse kansa ya sayi mai kyau. Sai dai riga ba ta karya wuyan hannu. An riga an ɓare ledar sandar, shagon ba zai karɓa ba.

Hassumi ta yi abin da har yau take cewa kuskurenta ne: ta yi shiru. Ta ce wa Zaituna ta riƙa amfani da tsohuwar sandar alminiyam ta kulob a fili, sabuwar kuma ta ajiye ta a gida. Ta ɗauka ta kashe maganar. Ba ta san cewa kullum bayan la'asar Malam yana tambaya, "Ina sandar da na saya miki?" ba. Zaituna kuwa ba za ta iya ce wa mahaifinta ta yi mata nauyi ba. Sai ta hau saman bene ta yi ta kaɗa ta sau ɗari yana kallo yana jin daɗi. A fili ta bi umarnin Anti, a gida ta bi na Abba, ta ja hannun riga ta rufe abin da ya biyo baya.

Bayan mako biyu mahaifiyarta, Ummukulthum, ta kira a waya.

"Yaya Hassumi, hannun 'yarki ya kumbura, ko cokali ba ta iya riƙewa. Likita ya ce ta huta sati biyu. Malam kuma ya ce khalas, magana ta ƙare, wasan da zai nakasa masa 'ya ba za ta sake yi ba."

Saura mako uku a yi tantancewar.

Kwana uku Hassumi tana juya maganar. Ta san ba wasan ne ya ji wa yarinyar ba. Amma ta yaya mai shara za ta shiga gidan malami, mutumin da ake ba limanci in liman bai zo ba, ta ce masa kyautarsa ce ta kumbura hannun 'yarsa? In ta faɗa kai tsaye, ta kunyata shi gaban iyalinsa, ƙofa ta rufe har abada. In ta yi kara, Zaituna ta bar fili. Kabtin Muhannad ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ma'alish ya Hassumi, sai haƙuri, mutanenki ne, ke kika san su." Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta sake ɗauka.

Ranar Alhamis bayan la'asar ta hau benen nan hawa biyar da gwiwarta mai ciwo, da wata gajeriyar sanda a cikin buhu. Aka gaisa, aka tambayi gida da karatu, aka kawo shayi. Malam Munzir ya riga ta.

"Hajiya, in roƙo kika zo, ki yi haƙuri. Na gama magana."

"Malam, ban zo roƙo ba. Awo na zo in sake, ko ni ce na yi kuskure. Ka ba ni izini, da hannun da ke lafiya."

Ya ce a kira Zaituna. Hassumi ta ce a ɗauko sabuwar sandar, ta sa yarinyar ta ɗaga ta a miƙe da hannun hagu.

"Malam, kai za ka ƙirga mana, zuwa talatin."

Ya fara. A biyar hannun ya soma rawa. A bakwai Zaituna ta cije leɓe, tana kallon mahaifinta, ta ƙi saukewa. A tara bakin sandar ya doki tabarma. Hassumi ta zaro gajeriyar daga buhu ta miƙa mata. Ya sake ƙirgawa, muryarsa ƙasa-ƙasa, har talatin, sandar ba ta motsa ba.

"Ke Zaituna, tun yaushe take miki nauyi?"

"Tun ranar farko, Abba."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta sunkuyar da kai. Ummukulthum ce ta amsa daga bakin ƙofa: "Malam, kai da ka dawo da ita kana murmushi har kunne, wa zai faɗa maka?"

Hassumi ta yi sauri ta shiga maganar. "Sandar ba ta da aibi, Malam, ka iya zaɓe. Ta budurwa ce kawai. Wannan gajeriyar ta wata Bamisiriya ce a wurinmu, Eman, shekararta sha biyar, ta yi mata kaɗan. Talatin da uku take nema. In ka yarda a yi musanya."

"Sabuwa fil in bayar, in karɓi kwance?"

"Irin wannan sandar, sabuwarta ba ta aiki sai an horar da ita. Duka wajen ɗari biyu a hankali, ana juya ta kaɗan-kaɗan, kafin ta saki jiki. Zaituna ba ta da hannun yin haka yanzu, ba ta da lokaci. Ta Eman ta riga ta horu. Na duba ta, babu tsaga, hatiminta na nan."

"To, yau na ji. Ashe sanda ma sai ta yi makaranta."

Aka yi 'yar dariya, amma bai ce ya yarda ba. "Zan yi shawara," ya ce. Hassumi ta sauko da buhunta.

Asabar ta zo, babu Zaituna. Wata Asabar ta zo, babu ita. Duk mikrobas ɗin da ya tsaya sai Hassumi ta leƙa ta katanga. Eman ta tambaye ta sau biyu, "Ya Abla, ana musanyar ko in sayar da tawa?" Ta ce ta ƙara mata kwana biyu. Ba ta kira gidan ba, don ta san yawan tuni zai iya ɓata abin.

Ranar Talata, saura kwana huɗu, sai ga Malam Munzir da kansa a bakin fili, da doguwar sandar a hannu, Zaituna a bayansa. Ya miƙa wa Eman, ya juyo ga Hassumi.

"Hajiya, sharaɗi ɗaya. In hannun nan ya sake tashi, ko an ɗauke ta ko ba a ɗauke ta ba, shi ke nan."

Ranar tantancewa ya zo ya zauna a benci cikin iyaye Misirawa, da littafi a cinya wanda bai buɗe ba. Zaituna ta shiga. Jifa ta farko ta wuce ta. Ta biyu ta kaɗa ta kuskure. Hassumi na tsaye a ƙofar ɗakin ajiya, ta damƙe makullai har suka yi mata shaida a tafi. "Yalla ya Zaituna!" in ji Kabtin. A ta uku sandar ta yi ƙara, ƙwallon ya ratsa ƙasa tsakanin 'yan mata biyu, Zaituna ta riga ƙwallon isa tasha ta farko da taku ɗaya. Ba wani dukan tarihi ba ne. Sau huɗu ta shiga a ranar, ta samu biyu.

Hassumi ba ta jira sakamako ba. Ta kamo yarinyar ta kai ta gaban mahaifinta, ta naɗe mata hannun riga da kanta. Malam Munzir ya kama wuyan hannun, ya juya shi, ya danna da babban yatsa.

"Da zafi?"

"A'a, Abba."

"Ki faɗi gaskiya. Ba kara nake so ba."

"Wallahi babu."

Ya sake dannawa, yana kallon fuskarta ba hannun ba. Sannan ya saki.

"Tamam, ya yi. Hajiya, Asabar zan kawo Hawa. Ki auna ta, abin da kika rubuta shi zan saya."

An ɗauki Zaituna cikin 'yan jiran canji. Har yanzu tana wasa.

Hassumi, ke ce kika hau hawa biyar kika gyara kuskuren malami ba tare da kin zubar masa da girma ba. Ke ce kika yarda cewa shirunki na mako biyu laifi ne, a cikin al'ummar da kowa ke da hujjar kare kansa. Mai awo, uwar 'yan fili, mun gode. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiyar gwiwa.

Amma ban rubuta wannan don mu tafa mu watse ba. Ƙarshen watan gobe Hassumi za ta koma Damagaram, mahaifiyarta ta tsufa. A cikinmu nan akwai masu digiri biyu da masu uku, kuma babu mutum ɗaya da ya san yadda ake auna wa yarinya sanda. Abin da ba ya cin minti biyar! Uba na gaba zai je shago da irin lissafin rigar Sallah, 'yarsa za ta ja hannun riga ta yi shiru, kuma babu wanda zai hau bene ya ce a ƙirga zuwa talatin.

Saura Asabar shida. Ɗakin ajiyar na buɗe tun da sassafe, kuma ta ce duk wanda ya zo za ta koya masa, namiji ko mace. A ajiye littafin na safiya ɗaya, a hau mikrobas, a je a karɓi aikin nan daga hannunta kafin ta miƙa makullai.