Karen da ke jikin takobin ubana

Ubana Bamaguje ne, mafarauci, daga wani ƙauye a gefen Gozaki. Da ya mutu bai bar ɗa namiji ba, sai ni. 'Yan uwansa suka raba gona da karnuka, ni kuma suka miƙo mini takobinsa, don a ganinsu tsohon ƙarfe ne. Lokacin ina aure a Bakori, na musulunta, na bar giya, na bar bukin girbi, har waƙoƙin gidanmu na daina yi a bakin turmi. Ban yi nadama ba, amma duk abin da zan iya bari na riga na bari.

Takobin nan ba ƙirar ƙasarmu ba ce. Kakana ya same shi a hannun wani bafatake, shekarun da mahayan Maraɗi suka hana mutane sakat. Bafataken ya ce daga bayan teku ya fito, ƙasar da ake kira Jamus, ya ratso hamada a bayan raƙumi. Ubana ya koya mini yadda ake gane shi. In ka kafa tsininsa a ƙasa ka danna, sai ya lanƙwashe ya dawo sak. In ka ƙyasta shi da farce, ƙararsa takan daɗe ba ta mutu ba. Sai kuma alamar da ke kusa da ƙota: wani kare mai gudu, bakinsa a buɗe, an cike zanensa da jan ƙarfe. Maƙeran birni suna kwaikwayonsa, amma ubana yakan yi dariya ya ce nasu ƙadangare ne ya sha duka.

Ranar da yayan mijina ya zare shi ya ga karen, nan take fuskarsa ta sauya.

"Ga hoto, ga kare," ya ce. "Mala'iku ba za su shiga gidan nan ba. Gobe a kai wa maƙeri ya goge."

"Yaya, gadona ne," na ce.

"Gadon arna ne."

Mijina yana zaune, ya ci gaba da tsince ƙaya a ƙafarsa. Wannan ya fi mini ciwo.

Washegari na dawo daga rijiya na tarar ba takobi. Na dire tulu, ko mayafi ban tsaya ɗauka ba, na nufi maƙera. Na iske maƙerin ya danne shi a kan gungume, magagarin goge ƙarfe a hannunsa, yayan mijina yana tsaye a kansa. Ban yi sallama ba. Na kai hannu na damƙe ruwan takobin daidai wurin karen.

"Ke, saki! Za ki yanke!" in ji maƙerin.

"Goge," na ce. "Amma ta kan hannuna za ka fara."

Yayan mijina ya kama ƙota ya fizga, yana tsammani zan ji tsoro. Ban saki ba. Jini ya bi gwiwar hannuna yana ɗiga cikin gawayi, shi ne ya saki.

Na ce masa, "Uban da ya goya ni a kafaɗa ban iya yi masa salla ba, ban san inda Allah ya kai shi ba. Wannan kaɗai ya rage mini. In gida ne matsalar, rumbuna ba gida ba ne, kuma da gumina na gina shi."

Can na rataye shi, a saman dawata. Yayan mijina bai ƙara cin tuwona ba har ya koma ga Allah, ni kuwa ban taɓa aika masa da ban-haƙuri ba.

Yatsuna biyu na dama ba su sake lanƙwashewa ba. Da su nake alwala, da su nake ɗaga wa jikokina takobin in nuna musu karen kakanninsu, yana nan yana gudu.